Makunni na Bakwai

Rumasa'u ta zo hutu daga Bur Sudan da jaka guda.
Na zaci dabino ne, ko gishirin teku.
Ta zazzage a kan gadon igiya:
wayoyi ja da baƙi, da wani ɗan allo kore
da bai cika tafin hannuna ba.
Ta ce, "Baba, kwamfuta ce."
Na ce, "To, ina sauranta?"

Kwana uku tana bisa tsani, sukudireba a baki.
Ta jera 'yan akwatuna shuɗɗa guda takwas a jikin katako.
Rile, in ji ta. Ni dai makunni na sani.
Kowanne ta manna masa takarda da rubutun hannunta:
zaure, fanka, injin ruwa, bayan gida, har ta kai ƙarshe.
Wai ƙaramar wuta ce ke umartar babba,
kamar yaron da bai kai gwiwar raƙumi ba
amma akala na hannunsa.

Ta koma. Gadarif ta ci gaba da zafinta.
Gwiwata da ta daina shiri da tsayuwa ta huta.
Ladan na buɗe baki da magariba, sai ƙas!
zaure ya haska.
Kafin asuba, ƙas! inji ya hau tura ruwa tanki.
Shekara arba'in da ɗaya Yalwa ce ke wannan aikin,
tana yi tana mita: wa ya bar fitila a kunne,
kuɗin wuta daga bishiya ake tsinko shi?
Wannan ba ya mita.
Abin da na rasa a wurinsa ke nan.

Sai damina ta sauka, baƙar laka ta kama takalmin kowa.
Aradu ta faɗi, wuta ta tafi kwana biyu.
Da ta dawo, abin nan ya farka bai san ranar da ake ba.
Da hantsi ya kunna zaure, rana na yi masa dariya.
Tsakar dare ya tashi inji, ina barci,
tanki ya cika, ya tumbatsa, ya bi gindin katanga
ya shiga ɗakin ajiyar Babikir.

Da safe ga Babikir, jallabiya a naɗe, ƙafa duk caɓi:
"Malam, aljanin gidanka ya jiƙa min riɗi buhu biyu."

Na kira ta. Sai da ta gama dariya.
Ta ce ba shi da agogon kansa,
in wuta ta yanke, daga inda ya tsaya yake ɗorawa.
Na ce na san wani mai irin halin.
Daga can bakin teku ta taɓa wayarta,
a nan bango ya yi ƙas, ƙas, ya dawo hayyacinsa.
Za ta aiko da batir mai girman kwabo, in an sami mai zuwa.

Na bakwai, takardarsa ta ce: ɗakin Inna.
Ni na hana a ja waya zuwa can,
ɗakin yana kulle tun bara waccan.
Amma ta mance ba ta share lokacinsa ba.
Ƙarfe tara na dare, sa'ar da Yalwa kan kashe rediyo,
yakan yi ƙas shi kaɗai, ba abin da ke kunnuwa.
Rumasa'u ta ce bari ta cire.
Na ce ki bar shi.
Ban gaya mata nakan amsa ba.

Na takwas babu rubutu, babu waya.
Jiya Babikir ya zo shan gahawa,
ya daɗe yana kallon katakon, kofi a hannu.
Ya ce a ja masa waya ta kan katanga zuwa fitilar ƙofarsa,
sai ya yafe buhu ɗaya.
Na ce biyu.
Har yanzu muna ciniki.